Murhun Afi

Ke Balkisa, wannan kalma da kike ta maimaitawa tun ɗazu, federasiyo, federasiyo, kin taɓa ganinta da idonki? A'a, ba cikin littafin lakwal, makarantarku ta boko, ba. Kin taɓa shaƙar hayaƙinta? To aje takardar ga ki matso, ki miƙo mini goron can. Ni na zauna cikinta shekara da shekaru, nan Yamai, a ƙaramar kasuwa, Peti Marshe, kuma wadda ta kafa ta sunanta Kande.

Kande Ba'adara ce, daga wajen Tawa. Doguwa, siririya kamar muciya, ga wushirya, muryarta kuwa in ta kira mai itace daga bakin rumfa sai mahauta su waiwayo. Mijinta tsohon soja ne, shi ya kawo ta Yamai tun zamanin Anasara. Ya rasu ya bar ta da tukwane biyu da bargon soja. Dangi sunka aiko a ɗauke ta, ta ce a gaida mutanen Adar da kyau, ita ta riga ta kafa murhu.

Mu huɗu ne cikin rumfar. Kande na bakin hanya, wurin da mai yunwa ke fara gani, da tuwon hatsi da miyar kuka. Sai Zeinabu, Bazabarma daga Saga, da shinkafa da kifi, kullum da ƙafa take tahowa, kaya bisa kai. Sai ni Yelwa, Bagobira, ƙaramarsu, amaryar da anka kawo daga Maraɗi, ina tuyar masa. Ta huɗu Afi. Afiyabi ne sunanta, bakinmu ya gaza munka datse shi. Mutuniyar Dahome ce, ƙasar da ku yanzu kuke ce ma Benin. Gajera, mai jiki, in ta yi dariya har hawaye. Tana yin akasa, wani farin tuwon masara mai ɗan tsami, da jan yaji mai sa ƙaton soja share hanci.

Kande ce ta tsara zaman tun ban zo ba. Tukunyarki taki ce. Ko miyarki ta yi lami, ko kin zuba gishiri kamar mai jin haushin miji, ba wadda za ta sa ludayi ciki, ko ɗanɗanawa, sai kin ce. Amma in raƙumi ya sauke itace, na kowa ne, a kasa shi huɗu. Randa ɗaya ce, ƴan garuwa su cika, kowa ta ɗiba. Rufin rumfa in damina ta gabato, tare muke yi. Wuta ma Kande ke fara hurawa, sauran mu ɗebi garwashi wurinta. Mai ci in ya shigo da kwano ɗaya, shina iya amsar tuwo wurin Kande, Zeinabu ta aza mishi kifi, ya ƙare da yajin Afi, ba mai hararar shi. In magana ta taso wadda ta shafi rumfa duka, a zauna bayan azahar, kowane murhu bakinshi guda. Kande mai tukunyar da yaro zai yi wanka ciki, bakinta guda. Ni mai ƴar tanda, bakina guda. Akwai kuma wata doka da ba mu ɗauke ta komi ba lokacin, don ba mu taɓa zaton za a bukace ta ba: murhu ba ya fita hannun mai shi sai ta ce da bakinta ta bari.

Sunan kuwa daga mijin Afi ya fito. Mushe Kojo, wato Malam Kojo da Faransanci, komi ne, magatakarda a gidan waya, mai keke da farar riga wadda ko ƙuda na kunyar sauka bisanta. Tsakar rana shina zuwa cin abinci wurin matatai. Ya yi aiki Dakar, ya yi Bamako, ya yi Damagaram, sannan anka turo shi Yamai. Wata rana Zeinabu ta tsokane shi.

Ta ce, "Mushe, kai ba ka da gida ne? Kullum kana bisa hanya kamar jakin Buzu."

Ya ce, "Madan, duk gida ne. Federasiyo ke nan."

Kande ta tsaida muciya. "Wace ce kuma wannan? Matar wa?"

Ya yi dariya ya goge baki. Ya ce ƙasashe ne anka ɗaure wuri guda, tun daga bakin teku har Agadas. Kowace da gwamnanta, tana shirya abin cikin gidanta. Amma kuɗi ɗaya, gidan waya ɗaya, duwan masu amsar kuɗin fito ɗaya, babban kuma shina zaune Dakar. Mutumin Dahome shina aiki Nijar, ɗan Nijar shina karatu Senegal, ba mai ce ma wani baƙo.

Kande ta ce, "To ai rumfar ga kake faɗi. Wa ke kasa muku itacen?"

Ya ce, "Anasara."

"Ya tambaye ku kafin ya haɗa ku?"

"Bai tambaya ba."

Ta koma ma tuƙinta. Ta ce, "To tamu ta fi taku. Mu da ƙafarmu munka shigo, kuma mu ke kasa itacenmu."

Ya yi dariya har ya ƙware, Afi na dukan bayanshi. Tun daga ranar, duk ƴan kasuwa in za su ci abinci sai su ce za su Federasiyo.

Da anka samu mulkin kai, Kande ta yi rawa har kallabinta ya faɗi. Ni na gani da idona. Amma Mushe Kojo bai yi murna ba. Ya ce babbar tarayyar ta watse, kowace ƙasa ta ɗauke tukunyarta, ta yi tutarta, ta kafa jandarmanta a bakin iyaka. Ya ce Senegal da mutanen Bamako sun gwada riƙe tasu, ko ina ba ta kai ba. Kande ta ce, "Anasara ya tashi daga bisa itacen, madalla, Allah raka taki gona. Amma mi ya kai ku yaga rufin? Ruwa in ya zo, kan wa zai bari?" Ya hau kekenshi ya tafi.

Ruwan kuwa ya zo. Ƴan shekaru bayan nan, lokacin ɗari, rigima ta tashi tsakanin manyanmu da manyan Dahome. Mu dai abin da munka ji, wani tsibiri ne cikin kogi can wajen Gaya, kowa na cewa nashi ne, kuma wai an taɓa mutanenmu a can ƙasarsu. Sai anka wayi gari an ce mutanen Dahome su tattara su koma gida. Malaman lakwal, ma'aikatan asibiti, teloli, komi-komi, duka. Mushe Kojo da ya ce duk gida ne, ya zama baƙo kafin ya gama karin kumallo.

Afi ta riga ta jiƙa masarar gobe. Munka bi ta tasha mu uku. Kande ta ƙulle mata tuwo cikin ƙwarya, Zeinabu ta tura ma yaran soyayyen kifi, ni kuka kaɗai na iya. Ba wadda ta tuna da zancen murhu. Wa ke tuna murhu ana loda ɗiyan mutane bisa kamiyo, motar kaya, kamar buhunan albasa?

Washegari raƙumi ya sauke itace. Kande ta duƙa ta kasa shi huɗu. Ta hura nata, ta ɗebi garwashi a kasko, ta kai murhun Afi, ta busa har ta kama. Ta ɗauko tukunyar Afi, ta wanke, ta cika da ruwa, ta aza.

Zeinabu ta riƙe ƙugu. "Yaya Kande, wa za ki dafa ma ruwa? Aljanu?"

"Murhun Afi ne."

"Afi ta tafi."

"An tafi da ita. Kin ji ta ce ta bari?"

"To ina za ta faɗa, tana bisa kamiyo?"

"Shi ke nan, ba ta faɗa ba."

Bayan azahar munka zauna. Zeinabu ta ce itace ba daga sama yake faɗowa ba. Kande ta ce dokar ma ba daga sama ta faɗo ba, mu munka yi ta, kuma dokar da ba ta aiki sai mai ita na tsaye kanki ba doka ba ce, kunyar ido ce. Sunka dube ni. Na ce a hura. Zeinabu ta ce dama mi za a samu wurin Bagobira, baiwarta ce, ba a shawara da bayi. Kin san wasanmu da Zabarmawa. Na ce uwargijiyar da ke tahowa daga Saga ƙafa ba takalmi, Allah kyauta. Ta jefe ni da ƙashin kifi. Daga ƙarshe ta ce to a hura, ko ba komi za ta samu ruwan zafi na wanke kwanoni.

Haka anka yi ta yi har Issoufou ya sa mana ido. Issoufou dillalin albasa ne da, Kande ta sha ba shi ƙanzo lokacin da ba shi da na tuwo. Amma ya samu katin jam'iyya da sabuwar hula, ya shiga cikin masu faɗa a ji na kasuwa. Ya shigo ya zauna bisa benci, ya gaishe ta da ladabi.

Ya ce, "Inna, wannan zama naku na da ne. Yanzu ƙasa ɗaya ce, shugaba ɗaya. Ku haɗa tukwanen ga, a yi restoran guda, ke ce babba. Ke za ki ce a dafa kaza, a bar kaza. Sauran su yi aiki ƙarƙashinki."

Kande ta ce, "Ɗan nan, ka taɓa cin shinkafata?"

"A'a."

"Gode ma Allah. Ranar da na zama mai ba Zeinabu umurni kan shinkafa, ranar Yamai za ta fara zawo."

Bai yi dariya ba. Ya nuna murhun Afi da haɓa. Ashe nan ne zancen. Shina da ƙanwa, Salamatu, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya ƙanana, tana yawon talla. Ya ce, "Baƙuwa ta tafi, kina dafa mata ruwa, ƴar ƙasa na yawo cikin rana da tukunya bisa kai. Wannan adalci ne?"

Kar ki ce maganar ba ta taɓa Kande ba. Ta taɓa ta. Ta san Salamatu, ta san yaran. Ta tura itace cikin wuta. Sannan ta ce, "Baƙuwa? Cibiyar ɗiyanta a unguwar Zongo, nan Yamai, take binne. Wancan ginshiƙin da ka jingina, ita ta ɗauko shi bisa kanta tana da ciki."

Ya tashi ya kakkaɓe riga. Ya ce, "Inna, ki kiyayi bakinki. Mai hura wuta don mutanen can, ana iya tambayar shi wa yake ma aiki."

Balkisa, ku ba ku san lokacin ba. Magana ɗaya na iya sa a zo a ɗauki mutum, iyalinshi su yi ta bin ƙofar jandarma da kwanon abinci. Zeinabu ta daina wasa. Ni maigidana ya ce in na ga taro in bar tanda in taho gida. Masu ci sunka fara raguwa, wasu in sun zo wucewa sai su juya kai kamar ba su taɓa lasar miyarmu ba. Kande kuwa kullum sai ta ƙara ma murhun Afi ɗanyen itace, don hayaƙin ya tashi sosai a gani daga layin mahauta.

Wata safiya sai ga Issoufou da ƙarti biyu, Salamatu na bayansu da tukunya, kanta a ƙasa don kunya. Kasuwa ta taru. Kande ta bar tuwonta bisa wuta, ta je ta zauna kan kujerar Afi, ta miƙe ƙafafu.

Ya ce, "Inna, tashi. Ko a ba da wurin ga yau, ko rumfar duka ta sauka."

Ta ce, "Wuri kake so ma ƙanwarka, ko na Afi kake so?"

"Wuri."

"Mutane kun ji? Wuri ya ce."

Ta miƙe. Ta naɗe hannu da tsumma, ta je ta sauke tukunyarta, wannan babbar, tuwo na tafasa ciki, ita kaɗai, ta dire ta ƙasa. Ta ce, "Ga wuri. Bakin hanya, wanda ya fi kowane. Nawa ne, ina da bakin da zan bayar, na bayar. Na Afi ba ni da bakin, kai ma ba ka da shi, wanda ya ba ka hula ma ba shi da shi."

Na ce, "Yaya!" Ta ɗaga mini hannu.

Ta juya wurinmu. "Zeinabu, kin yarda Salamatu ta shigo? Yelwa, kin yarda?" Munka ce mun yarda, mi za mu ce? Sai ta kama hannun Salamatu ta zaunar da ita, ta karanta mata zaman rumfa tun daga ludayi har rufi, da ƙarfi, kowa na ji. Ta ce, "Ba yayanki ya shigo da ke ba, mu munka shigo da ke. Itace kashi huɗu ne. Ɗaya naki, ɗaya na Afi."

Issoufou ya samu abin da ya nema, har ya fi, amma fuskarshi kamar wanda ya taka garwashi. Ya ce, "To ai duk ɗaya ne, ke sai ki koma na Afin ki yi tuwonki."

Ta ce, "Da a ce zan iya, da ba mu yi wannan taron ba. Ni mai gadi ce."

Kuma haka ta yi. Tsohuwa da furfurarta ta koma tuƙa tuwo a gida, ta ɗauko bisa kai, ta bi layin teloli da bakin Babbar Kasuwa tana talla cikin ƴan mata. Kafin ta fita sai ta biyo rumfa, ta ɗebi garwashi wurin Salamatu, ta hura murhun Afi, ta aza ruwa. Mutane na dariya, suna ce mata mai gadin ruwan zafi. Ta ce gara ita, ta san abin da take gadi. Wuyanta ya fara ciwo, ƙafarta ta kumbura. Na roƙe ta ta aza tukunyarta bisa murhuna da rana, tunda masa da safe take ƙarewa. Ta ce in na ce da bakina ta ji, amma ba ta so, don gobe wani zai ce ai sun saba haɗa murhu, a haɗe sauran.

Damina ta zo, munka sake rufi, har gefen Afi. Wata daminar ta sake zagayowa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da Kande, na zo da niyyar hurawa, sai na tarar hayaƙi na tashi. Salamatu ce ta riga ni. Ta ce in na gaya ma yayanta sai ta zuba mini gishiri cikin ƙullu.

Can manya sunka gaji, sunka shirya, hanyar Gaya ta buɗe. Wata rana da hantsi sai ga wata mata ta tsaya bakin rumfa da buhun garin rogo da tulun manja. Ta rame, sai da ta buɗe baki munka gane ta. Afi ce. Fatauci ta zo, ta ce bari ta leƙa ta ga wa ke wurin. Ta dubi Salamatu a murhun Kande, ta dubi nata shina ci, da tukunyarta, da kujerarta ba kowa bisa. Lokacin Kande ta dawo daga talla, ta sauke ƙwarya.

Afi ta ce, "Yaya, mi ke cikin tukunyata?"

"Ruwa. Ba ki ce a sa komi ba."

Afi ta ɗaga murfi ta leƙa. Ta fashe da wannan dariya tata, dariyar ta juye kuka, ta zauna ƙasa daɓas. Zeinabu ce ta ba ta labarin duka, tana yi tana zagin Kande da Zabarmanci.

Ba za ta zauna ba. Mushe Kojo bai sake samun aikin ofis ba, suna garin Faraku a ƙasarsu, yara sun shiga lakwal a can. Ta ce, "Yaya, ɗauki murhun, naki ne."

Kande ta ce, "Ba a kunnena za ki faɗa ba. Tashi tsaye. A kira mahauta. A kira mai hula."

Issoufou ya zo, ya tsaya daga nesa. Afi ta tashi ta ce ita Afiyabi, da bakinta, ta bar ma Kande murhunta. Kande ta tambayi Zeinabu, ta tambaye ni, ta tambayi Salamatu. Sannan ta ce ba yau ba. Yau mai murhu na nan, sai ta yi akasa. Anka nemo garin masara, Afi ta ɗaura zane, ta yi abin da ya samu, ba tsami ba komi, amma yajin na nan yadda muka san shi. Har Issoufou ya ci, a tsaye, shina share hanci. Washegari Kande ta aza tuwonta, a lungu, wurin da mai yunwa ke gani daga ƙarshe. Masu cinta sunka bi ta can.

Ni kuwa ban daɗe ba anka canza ma kakanku wurin aiki, anka tura shi Damagaram. Ranar tafiya na biya rumfa sallama, kaya na tasha. Kande na tuƙi, ba ta ko tsaya ba. Ta ce, "Yelwa, wannan karon ba za a manta ba. Murhunki fa? A bayar?"

Na ce, "Yaya, ban sani ba ko zan komo."

Ban sake ganinta ba. Kafin mu dawo Yamai ta riga mu gidan gaskiya. Amma ranar ta ɗago kai, ta dube ni da wushiryar nan tata, ta ce:

"Ban tambaye ki ko za ki komo ba. Ba ki ce a bayar ba, ko? To tafi abinki, kamiyo ba ya jira. Gobe itace kashi huɗu ne."